Tsarin Kyaftin Asger na Miƙe Tsofaffi

"Ni ɗin nan da kike gani, yarinya, da ban shiga aikin jirgin ruwa ba, da yanzu hotona ne a bangon kowane ɗakin motsa jiki na ƙasar Denmark. Jikina roba ne. Shekara saba'in da shida, gwiwata ba ta taɓa yin ƙara ba."

Asger Bundgaard ke nan, aboki. Yana rufe baki ya gyara zama a kujerar kicin, gwiwar ta ce ƙas, har sai da kyanwar gidan ta ɗago kai.

In ba ka san Asger ba, to ba ka taɓa tsayawa layin sayen burodi a garinmu na Faaborg ba. Gajere ne mai ƙaton tumbi, irin tumbin da yake riga mai shi shiga ɗaki da daƙiƙa biyu. Shekara talatin da takwas ya yi yana huda tikitin fasinjoji a jirgin fito, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya koya wa teku yin igiyar ruwa. Shi ya sa muke kiransa Kyaftin. Mu da tsokana muke faɗa, shi kuwa da gaske yake amsawa.

Yarinyar da yake cika wa baki sunanta Malene, malamar motsa gaɓɓai ce da ƙaramar hukuma ta turo. Ba don shi ta zo ba. Matarsa Rigmor aka yi wa aikin ƙugu, aka sallamo ta da sanduna biyu. Ɗakin kwanansu da banɗakin wanka suna saman bene, matakala goma sha huɗu. 'Yarsu Dorte kuwa ta riga ta yanke magana ta waya: in nan da mako goma Mama ba ta iya hawa benen nan da ƙafarta ba, a sayar da gidan, su koma wani ɗan gida marar bene kusa da ita a birnin Odense. Rigmor ta yi shekara arba'in da takwas a gidan nan. Da hannunta ta dasa itacen tuffa na bayan gida. Ranar da Dorte ta faɗi maganar, sai Rigmor ta juya ta kalli taga.

Malene ta ajiye takarda guda a kan tebur, da wata jar igiyar roba.

Ta ce, "Rigmor, abu huɗu ne kawai. Ki tashi daga kujera ki zauna, sau goma. Ki dafa kantar kicin ki yi ɗage, sau goma. Ki tsaya da ƙafa ɗaya kina dafe. Sai robar nan, ki sa a idon sawu ki buɗa ƙafa a hankali. Safe da yamma, kullum. Kada ki yi gaggawa."

Asger ya fizge takardar, ya nesanta ta da fuska don ya ƙi sa tabarau gaban baƙuwa.

"Wannan ne aka tura ki jami'a ki koyo? Tashi, zauna? Ai ko karen maƙwabcinmu Verner ya iya tashi da zama, kuma bai ci wa gwamnati ko sisi ba. Mako goma! Ni nan a mako uku zan sa matar nan ta hau benen nan da gudu. Kin san a shekarar sittin da bakwai, a babban bikin wasannin Ollerup, mutum dubu biyar suka miƙe tsaye suna tafa mini?"

Rigmor ta ce, "Tuta ka riƙe, Asger."

"Tutar da nauyi!"

"Kuma taken ƙasa ake yi, shi ya sa suka miƙe."

Malene ta dafe baki kamar tari ya sarƙe ta. Ta manna takardar a jikin firij, ta ce za ta riƙa leƙowa, gwajin ƙarshe kuma sai mako na goma.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi, unguwa ta ji ƙarar usur. Kyaftin ne, ya tono tsohon usur ɗinsa na jirgi, ya matse kansa cikin wani wandon wasanni shuɗi da ya saya tun Dorte tana goyo. Wandon ya shiga, ba zan yi masa ƙarya ba, amma kowane zare na jikinsa yana neman agaji.

"Daga yau an fara Tsarin Bundgaard! Rigmor, miƙe! Ƙirji waje! Ɗaya, biyu! Ɗaya, biyu!"

Yana ba da umarnin nan ne daga cikin kujerarsa mai laushi, baƙin burodi da cuku a hannu ɗaya, gahawa a ɗaya hannun. Rigmor ta dube shi, ta dubi sandunanta, ta ce, "To, na ji. Je ka sayo jarida tukuna, kada ta ƙare."

Ka san sayen jaridar Asger. Shagon tafiyar minti biyar ne, amma sai ya tsaya ya gyara wa mai shago lissafin siyasar duniya, ya koya wa masunta kamun kifi, sannan ya dawo. Awa ɗaya da rabi. A wannan tsakanin Rigmor take jawo kujerar katako, ta kalli takardar firij, ta fara. Ranar farko sau uku ta iya tashi, a na huɗu hawaye suka zubo mata don zafi. Ta share, ta huta, ta ƙarasa. Da yamma kuma, in Kyaftin ya shiga barcin la'asar ɗinsa, wanda yake kira nazari, sai ta sake yi.

A kwana na biyar Asger ya lura da jar robar. Ya ja ta da yatsa biyu, ya yi tsaki.

"Wannan ai ta ɗaure gashin 'yan mata ce. Tsaya ki ga kayan aikin maza."

Ya fita rumfar kekuna, ya dawo da robar cikin tayar keke, baƙa, mai kauri, tana warin tsufa. Ya ɗaura baki ɗaya a marikin firij, ya naɗe ɗaya bakin a ƙugunsa.

"Kalli nan da kyau. Sirrin yana ga ja. Mutum ya ja, roba ta ja, wanda ya fi zuciya ya yi nasara."

"Asger, firij ɗin nan..."

"Ba a yi wa malami magana yana tsakiyar darasi!"

Ya juya baya, ya yi taku ɗaya. Roba ta miƙe. Ya yi na biyu, fuskarsa ta yi ja kamar tumatir. A na uku ƙofar firij ta ce na gaji, ta buɗe da ƙarfi, ta watso duk abin da ke jikinta. Kwalbar kifin tsami ta tashi sama, madara ta bi ta, ƙwai shida suka rufa musu baya. Shi kuwa Kyaftin, da ja ya saki, ya tafi gaba a guje, robar ta sake kama shi ta dawo da shi da baya, ya zauna daɓas a tsakiyar kifi da albasa.

Daidai lokacin maƙwabcinsu Verner ya leƙo ta taga. Verner tsohon makanikin tarakta ne, siriri kamar sandar shara, kuma tun suna makarantar firamare ba shi da abin nishaɗi da ya wuce Asger.

"Sannu da aiki, Kyaftin! Jirgin ne ya nutse?"

Asger ya cire yankan albasa daga kunne, ya ce, "Gwada ƙarfin firij nake yi. Kamar yadda na zata, aikin banza suka yi."

Wani zai ɗauka daga nan zai saduda. To ba ka san mutumin ba. Da ya kwana biyu yana tafiya kamar agwagwa, sai ya gano inda matsalar take: kicin ya yi wa basirarsa ƙanƙanta. Ya rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe, ya manna a allon shagon unguwa:

TSOFAFFI KU TASO! TSARIN BUNDGAARD ZAI MAIDO MUKU DA ƘURUCIYA A MAKO UKU. ASABAR, ƘARFE GOMA, A LAMBUN GIDANA. KYAUTA.

Mutum bakwai suka zo. Ba don neman ƙuruciya ba. Verner ne ya bi su gida-gida yana cewa, "Ku zo, akwai kallo, kuma ba tikiti." Suka jeru a kujerun lambu, wannan da sanda, wancan da bargo a gwiwa. Rigmor ma ta fito ta zauna a bakin ƙofa. Sanda ɗaya ce a hannunta yanzu, amma mijinta bai lura ɗayar ta ɓace ba.

Asger ya busa usur, ya yi jawabin minti ashirin da biyar a kan lalacin mutanen zamani. Biyu suka yi gyangyaɗi. Sannan ya ce, "Darasin farko, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Yarinyar gwamnati ta ce wai a dafa kantar kicin. Dafa kanta! Ni da na yi shekara talatin da takwas ina tsaye a kan teku tana hauka? Ni ido rufe nake yi. Verner, ƙirga mini. In ka kai ɗari ka tashe ni, don nakan yi barci a haka."

Ya rufe ido. Ya buɗe hannaye kamar shamuwa za ta tashi. Ya ɗaga ƙafar hagu.

Verner ya ce, "Ɗa..."

Tumbin ya yi gabas, mai tumbin ya yi yamma. Ya yi tsalle uku da ƙafa ɗaya yana kaɗa iska, ya kamo igiyar shanya, igiyar ta biyo shi da zannuwan gado biyu da rigar barcin Rigmor, duka suka tafi suka faɗa cikin baron takin da aka ajiye don furanni. Baron ya yi 'yar tafiya da shi, kamar taku biyar, sannan ya jingine da itacen tuffa. Tuffa ɗaya ta faɗo.

Sai Verner ya ce, "...ya. Ka yi haƙuri, Kyaftin, ban kai ga ƙarasa kalmar ba. A rubuta rabi?"

Wata tsohuwa ta yi dariya har haƙoran robarta suka zame. Daga ƙarƙashin zanin gado murya ta fito: "Abin da kuka gani yanzu shi ake kira faɗuwar ƙwararru. Kun lura ban karye ba? Sai mako mai zuwa!"

Yana sama yana wanka, ɗaliban suka shiga kicin shan gahawa. Nan suka ga takardar firij. Suka tambayi Rigmor, ta tashi daga kujera ta zauna sau takwas ba tare da ta dafa komai ba. Suka kalli juna. Ranar Litinin, Asger na fita sayen jarida, mutum uku suka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Ranar Laraba suka zama biyar. Kowa ya jawo kujera, suna tashi suna zama, suna ƙirgawa tare, Verner na gadin taga.

Wata rana Asger ya dawo da wuri, ya ci karo da su suna fita, kowa na share gumi.

"Me ya kawo ku?"

Verner ya ce, "Kai muka zo nema, Kyaftin. Da ba mu same ka ba sai muka zauna muna tuna darasinka."

Asger ya shiga gida yana hura hanci. "Kin gani, Rigmor? Suna ya fara tafiya. Nan da Kirsimeti sai na nemi babban zaure."

"Ƙwarai kuwa," in ji Rigmor. "Ka manta madara. Koma."

Haka aka yi ta yi. Mako uku na Tsarin Bundgaard ya wuce, Asger ya ce ai uku na farko na share fage ne. Ya ƙara uku, ya ce waɗannan na nazari ne. Shi dai kullum usur da burodi. Ita kuwa kullum kujera da kantar kicin da jar roba, ran da take so da ran da ba ta so.

Ranar gwaji ta zo. Dorte ta iso daga Odense da hotunan sabon gidan a jaka. Malene ta zo da agogo da takardunta. Aka taru a gindin matakala.

Malene ta ce, "A hankali, Rigmor. In kin gaji ki tsaya, ba laifi ba ne."

Rigmor ta jingine sandarta a bango. Ta kama ƙarfen dafawa, ta ɗora ƙafa. Ɗaya. Biyu. A ta bakwai ta tsaya tana numfashi, Dorte ta yunƙura za ta bi ta, uwar ta ɗaga mata hannu ba tare da ta waiwayo ba. Ta ci gaba. Da ta taka ta goma sha huɗu sai ta juyo, ta kalli 'yarta daga sama.

"Mayar da hotunan nan jaka, Dorte. Ina nan."

Dorte ta fashe da kuka, ta haura da gudu ta rungume ta. Malene ma sai da ta goge ido. Asger kuwa ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, don shi ma abin ya taɓa shi, ba zan zalunce shi ba. Da ya tsaya nan, da an tashi lafiya. Amma bakin bai iya zama ba.

"To, yarinya, kin ga aikin Tsarin Bundgaard? Ki rubuta a takardarki, ki kai wa manyanki. In suna son in koyar da ku, ƙofata a buɗe take."

Malene ta ce, "Madalla. Saura gwajin kujera." Aka dawo falo, ta danna agogo, Rigmor ta tashi ta zauna sau goma sha uku a rabin minti. Malene ta juyo da murmushi. "Asger, ko za ka gwada? Don mu ga na malami."

"Kujera? Kujera ta ɗalibai ce. Mu malamai daga ƙasa muke tashi, kuma ba dafawa. Ku matsa."

Dorte ta ce, "Baba, don Allah bari."

"Ku matsa, na ce!"

Saukar ba ta ba shi wahala ba, don rabin hanya ya yi da kansa, ƙasa ta karɓi sauran. Kofunan kabad suka yi ƙara. Ya harɗe ƙafafu, ya rungume hannu a ƙirji, ya ce, "Danna agogo."

Ta danna. Ya yunƙura. Babu abin da ya motsa sai girarsa. Ya sake yunƙurawa, ya yi nishi irin na saniya mai haihuwa, ya tashi kamar faɗin yatsa, ya koma.

"Rabin minti," in ji Malene.

"Wannan ɗumama jiki ne. Kuma wa ya goge daɓen nan da mai?"

"Kafet ne, Baba."

Ya saki hannun, ya dafa ƙasa. Ya gwada ta dama, tumbi ya tare hanya. Ya gwada ta hagu, gwiwa ta ce ba da ni ba. Ya kwanta rigingine don ya yi tsalle irin na 'yan wasa, sai ya tsaya a haka, hannu da ƙafa a sama, kamar buzuzun da aka kifar. Malene ta miƙa masa hannu, ya buge.

"Kada wanda ya taɓa ni! Matakin numfashi nake."

Rigmor ta ce, "To, ku zo mu sha gahawa kafin ya gama numfashin."

Suka zauna suka kewaye shi da kofunansu. Ana haka Verner ya shigo taya murna, yana riƙe da hannun gwaggonsa Dagny, wadda ta zo masa kwana biyu daga ƙauye. 'Yar mitsitsiyar tsohuwa ce, shekararta casa'in da uku, gashi fari fat, ido kamar na shaho. Ta tsaya ta leƙa abin da ke kwance a tsakiyar falo.

"Wannan ba Asger ɗan Gerda ba ne? Me kake yi a ƙasa, yaro?"

"Koyarwa nake, Inna Dagny."

"Tun yaushe?"

Verner ya kalli agogon Malene. "Minti goma sha tara. Ya karya tarihin kansa."

Dagny ta miƙa wa Verner jakarta. Ta dafa kujera, ta durƙusa, ta kwanta a kafet kusa da Asger, a hankali, kamar mai shirin shan rana.

"Kalle ni. Ka juya gefe. Ka dafa. Ka hau gwiwa. Ka rarrafa zuwa kujera. Ƙafa ɗaya gaba. Ka tashi." Kafin ta gama faɗa tana tsaye tana kakkaɓe siket. "Mu ma a ƙauye an ba mu takarda. Yi."

Ba yadda zai yi. Ya juya gefe da kyar. Ya dafa. Ya hau gwiwa da hannaye, wandon shuɗi ya ce ɓararat daga baya, ya huta da wahalar duniya. Daga nan kuma sai injin ya mutu. Ya tsaya a rarrafe, kai a sunkuye, yana haki, kujera na nesa da shi taku uku.

"Ba zan iya ba," ya faɗa ƙasa-ƙasa. Karo na farko ke nan da garin Faaborg ya ji wannan magana daga bakinsa, kuma Verner ya ce a maimaita don bai ji sosai ba.

Dagny ta karkata kai tana dubansa. "Oho, na tuna! Ai ni na yi renonka ina budurwa. Haka muka sha fama da kai. Duk sa'o'inka suna gudu, kai kana nan a rarrafe kana surutu. Rigmor, miƙo mini biskit ɗin nan mai man shanu."

Ta ɗora biskit a kan kujera, ta buga tafi sau biyu. "Taho, Asger! Taho, ɗan lukuti! Zo ka ɗauka!"

Ni dai ban san ko fushi ne ko kunya ko yunwa ba. Abin da kowa ya gani shi ne, Kyaftin ya rarrafa taku ukun nan kamar walƙiya, ya dafa kujera, ya sa ƙafa gaba, ya miƙe tsaye cak. Da ya farga, biskit ɗin yana bakinsa.

Dagny ta yi ɗage ta shafa masa sanƙo. "Yawwa, yaron kirki. Wancan karon sai da ka shekara biyu."

Malene ta buɗe sabuwar takarda, ta rubuta sunansa a sama, tana karantawa a fili: "Asger Bundgaard, shekara saba'in da shida. Yana iya tashi daga ƙasa."

Verner ya leƙa ta kafaɗarta. "Ƙara a ƙasa, don wanda zai zo bayanki: a taho da biskit."